Fata Biyu

Kawu Nomau baduku ne.
Shekara arba'in yana zaune a gefen babbar kasuwa,
basilla a hannu, zare a haƙori,
bai taɓa kiran mai saye ba.
Ƙamshin bagaruwa ke yi masa talla.

Bana ƙamshi ya daina isa.
Masu saye sun koma cikin waya,
waya kuwa ba ta da hanci.
Ya ce, "Tsahara, ke da kika yi lakwal,
kai ni inda ake gani."

Na buɗe masa shafi, na rubuta:
ingantattun kayan dukanci na gargajiya.
Wata biyu, ko ƙuda bai sauka ba.
Ashe rumfa na kafa a bayan gari,
na kira haja da sunan da ba mai nemanta da shi.

Sai na shiga farautar kalma.
Da dare, in wuta ta dawo Bagalam,
nakan baje kan tabarma
ina bin sawun yatsun mutane:
me suke bugawa in suna son irin namu?
Su nawa ne a wata?
Shago nawa suka riga mu shimfiɗa a kan kalmar?

Na buga fata.
Injin ya zazzage mini buhu guda:
fatan alheri na Juma'a,
man gyaran fata,
ƙaiƙayin fata da dare,
ina fata zai dawo.
Wannan ta ƙarshe, mutum tara a wata.
Na daɗe ina kallonta
har shayina ya huce.

Inji ba shi da kunne.
Bai san fatar akuya da fatan zuciya
riga ɗaya suke sawa a rubuce ba,
murya ce kawai ta raba su.
Ga masu bugawa da sauri suna yar da ƙugiya:
ƙasa ta koma kasa,
baƙi ya koma baki,
Maraɗi ma an aske mata kai.
Dole na rubuta duka biyun,
mai ƙugiya don mutunci,
marar ƙugiya don tuwo.

Gajeriyar kalma kasuwar Litinin ce,
kowa na ihu, manya sun cinye inuwa.
Doguwar kalma lungu ce,
masu binta kaɗan, amma sun san ƙofar da suke nema:
jakar fatar jar akuya nawa take,
takalmin da damina ba ta ci,
kuben wuƙa na hannu,
a ina ake ɗinke jakar da ta ɓarke.
Sha bakwai. Shida. Huɗu. Uku.

Na karanta wa Kawu. Bai ɗaga kai ba.
"Wannan ne ya hana ki barci?
Wanda ya ce 'nawa?' tun daga nesa, wucewa zai yi.
Wanda ya juya ta, ya ce 'za ta kai shekara nawa?'
kuɗinsa na aljihu.
Saurara ce, 'yata. Kin dai canza kunne."

Na sauke tsohon allo, na rataya su ukun da huɗun.

Sati uku, saƙo ya shigo daga Madarumfa.
Wata tsohuwa, jikanta ya buga mata:
jakar ɗanta ce ta ɓarke a gindi,
ya bar ta a ƙusa ya yi arewa, damina biyar ke nan,
tana so a ɗinke kafin ya iso.

Direban tasha ya kawo ta cikin leda.
Kawu ya shinshina, ya ce jimar Tibiri ce,
ya ja kakin zuma a zare.
Ya ɗinke jaka, ya karɓi jaka guda.

Ni kuwa na buɗe littafin lissafi.
Layi na kalma, layi na adadi, layi na riba.
Ban san layin da zan sa ta ba:
cikin masu neman fata,
ko cikin su taran nan.